Dalilin Da Ya Sa Kumbo Ke Juyawa Bayan Tashi

Mutane da yawa sun ɗauka kumbo na juyawa ne don kada ya yi tangaɗi, kamar yadda harsashi ke wulwulawa. Ba haka ba ne. Dandalin harbawa a kafe yake, fuskarsa ɗaya, amma kowace tafiya da alƙiblarta.

A 1969 Apollo 11, kumbon da ya fara kai mutane kan wata, ya tashi daga Fulorida ta Amurka a saitin gabas sak, digiri 90 daga arewa, alhali hanyarsa digiri 72 ce. Kimanin daƙiƙa 13 da tashi, kwamfuta ta karkata bakin injuna huɗu na gefe, rokar ta juya digiri 18, juyin ya tsaya cak. Daga nan sunkuyawa kawai take yi ta fuska guda, abin da ke sauƙaƙa lissafin tuƙi sosai.