Waiwaye: Ja-in-jar masu sharhi kan ƙungiyar Old 97's

A farkon shekarun 1990 ne wasu matasa huɗu suka haɗa ƙungiyar kiɗa a birnin Dallas na jihar Texas a Amurka. Rhett Miller ne ke rerawa, kuma shi ke rubuta yawancin waƙoƙin, Murry Hammond na kan jitar bes, Ken Bethea na kan jita, Philip Peeples na kan ganga. Sunan Old 97's sun aro shi ne daga wata tsohuwar waƙa da aka yi kan jirgin ƙasan da ya yi hatsari kusa da Danville ta jihar Virginia a 1903. Har yau mutum huɗun nan ne, ba wanda ya fita, ba wanda aka ƙara. Bakin masu sharhi ne dai bai tsaya wuri ɗaya a kansu ba.

Kundinsu na farko, Hitchhike to Rhome, ya fito a 1994 ta hannun wani ƙaramin kamfani na Dallas. Na biyu, Wreck Your Life, kamfanin Bloodshot na Chicago ne ya fitar a 1995. Wannan shekara tana da muhimmanci, domin a cikinta aka kafa mujallar No Depression, wadda ta zama dandalin masu son kiɗan kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka, amma waɗanda suka gaji da irin gyararren samfurin da manyan kamfanonin birnin Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, ke sayarwa. Mutanen nan suna neman jarumai, sai ga 'yan Dallas da jita mai ƙara da labaran mashaya, jiragen ƙasa da soyayyar da ta watse. Nan take aka jera su tare da ƙungiyoyi irin su Wilco da Son Volt da Whiskeytown.

Yabon ya jawo hankalin manyan kamfanoni, Elektra ta ɗauke su. A 1997 suka saki Too Far to Care, kundin da masoyansu da yawa ke ɗauka a matsayin ƙololuwar aikinsu. Gangar na gudu kamar ana kora ta, baitocin Miller kuma cike da azanci. Masu sharhi sun yaba, kasuwa kuwa ba ta amsa yadda kamfanin ya so ba.

Rigimar ta taso ne a 1999 da fitowar Fight Songs. An goge sautin ya yi sumul, amshin waƙoƙin ya koma irin wanda ke maƙalewa a kunne tun jin farko, salon da ake kira pawa pop, mai tushe a ƙungiyoyin Ingila na shekarun 1960 irin su Beatles da Kinks. Wasu daga cikin tsofaffin masoya suka ce an ci amanarsu, an sayar da kantiri don neman shiga rediyo. A ɗaya ɓangaren kuma marubuta irin su Robert Christgau, wanda ya daɗe yana sharhi a jaridar Village Voice ta New York, sun ɗaga kundin sama, suka kuma yi wa Satellite Rides na 2001 irin wannan karɓa.

A ganina masu zargin cin amana ba su yi wa ƙungiyar adalci ba. Miller ya tashi ne da sauraron mawaƙan Ingila, kuma tun kafin a kafa Old 97's shi da Hammond sun yi kiɗa tare wanda ya fi kusa da pop. Duk wanda ya koma ya saurari kundayen farko da kunnen basira zai ji daɗin amshin nan yana kwance a ƙarƙashin ƙarar jitar. Abin da ya faru a 1999 shi ne an fito da shi fili. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muhawarar ta karkata kan ɗakin da za a ajiye su, alhali waƙoƙin kaɗaici da kewa da ke cikin kundin suna cikin mafi kyawun abin da Miller ya rubuta. Gidajen rediyon kantiri sun ga sun cika pop, na pop sun ga sun cika kantiri, suka zama jemage, ba su ga tsuntsu ba su ga dabba.

Bayan Satellite Rides, Elektra ta rabu da su. Miller ya fitar da kundin kansa a 2002, har wasu suka ɗauka ƙungiyar ta mutu. Sai suka dawo a 2004 ƙarƙashin New West, kamfani mai zaman kansa, da Drag It Up, wanda aka karɓa da sanyin jiki. Daga baya suka koma kamfanin ATO, inda Most Messed Up na 2014 ya sake tayar da masu sharhi. Kundi ne mai kaushi, na mutanen da suka kwashe shekara ashirin a kan hanya suna faɗin gaskiyar rayuwar yawon kiɗa ba kunya, kuma ya hau jadawalin Billboard, na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, fiye da duk waɗanda suka yi a hannun babban kamfani.

Zuwa lokacin da American Primitive ya fito a 2024, tambayar kantiri ne ko pop ta kusa ɓacewa daga sharhi, domin mawaƙan da suka biyo baya sun mai da gaurayen abin yau da kullum. Sai dai wani sabon hali ya maye gurbinta. Yanzu yawancin rubuce-rubucen na farawa ne da mamakin yadda mutum huɗu suka shekara sama da talatin tare, a cika shafi da jinjina wa juriyarsu, sababbin waƙoƙin kuma a ba su layi biyu ko uku a ƙarshe.