Matatar Iskar Cikin Mota

Matatar iskar cikin mota, wadda bakanikai suka fi kira filtar esi, wani ɗan faifai ne mai ninki-ninki da ake sakawa a hanyar da iska ke bi daga waje zuwa inda direba da fasinjoji ke zaune. Aikinta shi ne tare ƙura, da garin furanni, da toka, da ƙananan ƙwari da ganyaye kafin fanka ta hura iskar cikin mota. Ba ita ce matatar iskar inji ba, ko da yake ana yawan ɗaukarsu abu ɗaya, domin waccan tana kare injin ne, wannan kuwa tana kare huhun mutane da kuma na'urar sanyaya mota.

Motar Saab 900 ta ƙasar Suwidin, wadda ta fito a 1978, tana cikin motocin farko da suka zo da irin wannan matata. A 1989 kamfanin Freudenberg na Jamus ya fara samar da nasa samfurin ga Mercedes-Benz, daga nan kuma abin ya bazu, har ya zama da wuya a sami sabuwar mota a yau ba tare da ita ba.

Mafi sauƙin nau'inta shi ne wanda aka yi da takarda ko zaren roba, wanda ke tare ƙura kawai. Akwai kuma mai ɗauke da gawayi da aka sarrafa, wanda ke tsotse wari da wani kaso na hayaƙin motoci, kuma ya fi tsada. Wasu motocin zamani suna zuwa da matata mai darajar HEPA, wadda ke tare ɓurɓushi mai tsananin ƙanƙanta. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da za a dogara da ita wajen tare iskar kabon monoksaid mai kisa, don haka matata ba hujja ba ce ta zama cikin mota a rufaffen gareji inji yana aiki.

A yawancin motoci, ciki har da Toyota Corolla da Camry na shekarun baya-bayan nan, matatar tana bayan akwatin ajiya da ke gaban kujerar fasinja. A wasu kuma tana ƙarƙashin bonet, kusa da gindin gilashin gaba, ko can ƙasan dashbod inda sai an kwance wasu sassa kafin a kai gare ta.

Kamfanonin ƙera motoci galibi suna ba da shawarar a canja ta bayan tafiyar kilomita 15,000 zuwa 30,000, ko sau ɗaya a shekara, amma littattafan motocin kansu suna cewa a rage wannan wa'adi idan ana tuƙi a wuri mai ƙura. Wannan sharaɗi ya shafi ƙasashen Sahel kai tsaye, domin daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta lulluɓe garuruwa irin su Kano, Maiduguri da Damagaram. Idan aka haɗa da hanyoyin da ba su da kwalta, matata tana iya toshewa tun kafin wa'adin ya cika, saboda haka ya dace a ciro ta a duba a farkon hunturu da kuma ƙarshensa. Wanda ya sayi motar hannu da aka shigo da ita daga waje shi ma ya kamata ya duba tun ranar farko, domin akan tarar da tsohuwar matata ta yi baƙi ƙirin, ko ma a tarar da gurbin babu komai.

Alamar farko ta toshewa ita ce raunin iska daga ramukan esi ko da an ƙure fanka. Sai warin ruma da ke tashi idan an kunna na'urar, musamman da damina, da ƙarar fanka fiye da yadda aka saba, da jinkirin washewar gilashi idan ya yi hazo. Masu motoci da yawa suna ɗauka gas ɗin esi ne ya ƙare, su kashe kuɗi a ƙara musu gas, alhali matsalar tana wurin da ya fi araha. Barin gurbin a buɗe ma ba mafita ba ne, domin ƙurar za ta manne a jikin sashen da ke sanyaya iska, wanda wanke shi sau da yawa sai an kwance dashbod.

Canjin kansa ba ya ɗaukar lokaci a motocin da matatar ke bayan akwatin ajiya. Akan kashe mota, a kwashe kayan akwatin, a matse gefensa biyu ya sauko, a buɗe murfin gurbin, sannan a zaro tsohuwar a hankali don kada tarkace ya zube kan fanka. Bayan an share gurbin sai a saka sabuwa daidai da kibiyar da ke gefenta, kuma a nan ake yawan kuskure: wata kibiyar tana nuna inda iska ta nufa, wata kuma tana nuna ɓangaren da zai kalli sama, don haka ya kamata a lura da yadda tsohuwar ke zaune kafin a cire ta. Kakkaɓe matata na iya ba da ɗan sauƙi na wucin gadi, amma hura mata iska mai ƙarfi ko wanke ta da ruwa yana lalata zarenta, sai dai idan nau'in da aka ƙera musamman don wankewa ne.