Gyaran gwanjo a Accra: inda doka ta ƙyale ka, da inda za ta tare ka

Babu dokar da ta hana mutum a Ghana ya sayi rigar gwanjo ya farke ta, ya rage mata hannu, ya rina ta, ya sa abinsa ya fita. Abin da ka saya da kuɗinka naka ne. Ka ga dama ka mai da wandon jins siket, ka ga dama ka haɗa riguna uku su zama ɗaya. Na fara da wannan ne saboda samari da 'yan matan Nima da Mamobi da Sabon Zango da suka kama wannan hanya, waɗanda ake yawan tsorata su da maganar doka ba tare da an faɗa musu wace dokar ba. Dokokin da suka shafi aikin suna nan, amma ba su da yawa, kuma galibinsu ba sa waiwayarka sai ranar da ka tashi daga ɗinka wa kanka ka koma ɗinka wa kasuwa.

Ina so aikin nan ya ɗore, kuma duk wanda ya san Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra, ya san dalili. Ƙungiyar Or Foundation, wadda ta daɗe tana aiki a cikin kasuwar, ta ƙiyasta cewa tufafi wajen miliyan 15 ne ke shigowa kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna ƙarewa a bola. Mu ne muke ganinsu sun toshe kwata, sun cika tafkin Korle, sun nannaɗe da yashi a bakin teku wajen Jamestown. Duk rigar da tela ya ceto daga tsibin da aka gama tsince na kirki a cikinsa, an rage wa garin nan kaya. Gobarar farkon Janairun 2025 ta cinye babban ɓangare na kasuwar, mutane suka sake kafa rumfunansu da guminsu. Masu irin wannan juriya bai kamata rashin sanin wata doka ta shekarun baya ya jawo musu asara ba.

Doka ɗaya ce take kama mutum ko da bai sayar da ko tsinke ba, ita ce ta kakin soja. An kafa ta a 1967, zamanin gwamnatin sojan da ta hamɓarar da Kwame Nkrumah a 1966, ana kiranta NLCD 177, kuma har yau tana aiki. Ta hana wanda ba sojan Ghana ba sa kakin soja ko amfani da kayan aikinsu, ta kuma hana cinikinsu ba da izini ba. Rundunar sojan ƙasa takan fito lokaci-lokaci ta tunatar da jama'a, kuma gargaɗinta yakan haɗa har da yadin nan mai dabbare-dabbaren kore da ruwan ƙasa, domin 'yan fashi da masu sojan gona suna fakewa da shi. To, dilar da ta fito daga Ingila ko Amurka ko Kanada da wuya ta rasa irin wannan wando mai manyan aljihuna a cinya. Yadinsa da ƙarfi, ga araha, shi ya sa hannu ke saurin kai masa. Yanke shi ya koma gajeren wando ko hula ko jaka bai wanke shi ba, saboda sojan da ke tsaye a shingen hanya zanen yadin yake gani, ba zai tambaye ka daga wace dila ya fito ba. In ya zo maka a cikin kayanka, cire duk wani bajo da tuta da alamar muƙami, ka rina shi baƙi wuluk har zanen ya ɓace. In ya ƙi ɓacewa, haƙura da shi ya fi.

Sai dokar 1994, LI 1586, wadda ta haramta shigo da wasu kayan da aka riga aka yi amfani da su: kamfai na maza da mata da yara, hankici, katifa, da kayan bayan gida. Ta yi shekaru a kwance a takarda, sai a Fabrairun 2011 hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa ta ɗauri aniyar zartar da ita a tashar Tema da kasuwanni. Hujjarta lafiyar jiki ce, kuma ban ga abin musu a nan ba. Mai gyara ya kula, domin akwai jarabar sayen tarin tsofaffin hankici masu launi a yi rigar faci da su, ko a yanko soson tsohuwar katifa a cusa a kafaɗar kwat. Kayan da doka ta hana shigowarsu ba sa halatta don an sauya musu siffa.

Inda maganar take da kauri shi ne tambarin kamfani.

Ɗauki misalin yarinyar da ta sauka Kantamanto da sassafe ranar Laraba ko Asabar, lokacin da ake yanka dila, ta tsinto wanduna biyu. Ɗaya Levi's ne na asali, amma gwiwa ta fashe, tsakanin cinya ya zama raga. Ɗayan lafiyarsa ƙalau, sai dai ba wanda ya san sunan masu yinsa. Ta kai wa telan unguwarsu, ta juya na farkon ta nuna masa 'yar fatar nan da ke bayan ƙugu da jan ƙyallen da ke gefen aljihu.

"Baba, a ciro min waɗannan a ɗinka a wancan."

Tela ya ɗaga tabarau ya dube ta. "Ɗiyata, ke za ki sa, ko na sayarwa ne?"

Tambayar da Dokar Tambarin Kasuwanci ta 2004, mai lamba 664, wadda aka yi wa gyara a 2014, take yi ke nan. Dokar ta ba wanda ya yi rajistar tambari ikon hana kowa amfani da shi a kan irin kayan da aka yi rajistar dominsu, sai da yardarsa. Amma ta yanka wa ikon iyaka: kayan da mai tambarin da kansa ya fitar kasuwa, a ko wace ƙasa, ya fita daga hannunsa. Wannan iyakar ce ta sa cinikin gwanjo ya halatta. Mai rumfar da ta rataya Levi's na asali tana kiran sunansa ba ta taka kowa ba, ko da mutum biyar ne suka sa shi kafin ya iso Accra. Haka wanda ya rage masa tsawo, ya sauya zif, ya yi masa faci.

Abin da yarinyar nan ta nema daban ne. In za ta sa a jikinta ne, ba ciniki a ciki, da wuya wani ya kula. In kuwa za ta ɗauki hotonsa ta sa a Instagram ko a matsayin WhatsApp da farashi a ƙasa, to ta sayar da wandon da kamfanin bai taɓa yi ba da sunan kamfanin. Dokar ta ɗauki liƙa tambarin wani a kan kayan da ba nasa ba, da sayar da kaya da siffantawar ƙarya, a matsayin laifi, kuma telan da ya ɗinka da saninsa bai tsira ba. Haka abin yake ga wanda ya yanko alamar Nike ko Adidas daga yagaggun riguna ya ɗora a kan sabuwar jakar da ya ɗinka da yadin da ya saya a kasuwar Makola. Alamar ta gaske ce, amma jakar ba daga kamfanin ta fito ba, kuma mai saye alamar ya gani ya ciro kuɗi.

Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi, kuma a nan yawancin masu gyara suke aiki. Jaket ce ta asali, ka cire hannuwanta ka sa na atamfa, ka yi mata aikin zare a baya, tambarin kamfanin yana nan a ƙirji inda ka same shi. Abin da za a duba shi ne ko mai saye zai iya ɗauka kamfanin ne ya yi wannan fasalin, ko da yawunsa aka yi. Akwai dokar 2000 mai lamba 589 da ta hana gasar kasuwanci ta rashin gaskiya, kuma rikita mai saye game da asalin kaya yana cikin abin da ta hana. Maganinsa ba tsada. Ka ɗinka naka lakabin a wuya, ka rubuta a talla cewa gwanjo ne da ka sake wa fasali, kada ka mai da sunan kamfanin kanun tallarka. Ni a ganina ma wannan ya fi riba, domin mai sayen irin wannan kaya aikin hannunka ya biyo. In ka ɓuya a bayan sunan wani, gobe ba zai san wa zai nema ba.

Dokar cinikin kaya ta 1962, mai lamba 137, ita ma tana nan a gefe: kayan da aka sayar bisa siffantawa dole su dace da siffar. Ka ce fata ce, ta zama fata. Ka ce auduga ce zalla, kada a wanke a ga roba.

Wadda ta fi ba mutane mamaki ita ce Dokar Haƙƙin Mallakar Fasaha ta 2005, mai lamba 690. Yawancinmu mun ɗauka ta mawaƙa da marubuta ce kawai, alhali ta ambaci zanen kente, yadin saƙa na gargajiyar Ghana, da na adinkra, alamomin gargajiya da ake bugawa a yadi, da sunansu, ta sa su cikin gadon al'adun ƙasa matuƙar ba a san wanda ya ƙirƙiri zanen ba. Ta damƙa haƙƙinsu a hannun Shugaban Ƙasa amana a madadin al'ummar Ghana, kuma haƙƙin ba ya ƙarewa. Duk wanda zai yi amfani da su a wajen abin da dokar ta sassauta, kamar amfanin kai ko koyarwa, sai ya nemi izinin hukumar da ake kira National Folklore Board ya biya kuɗin da ta yanka. Sayarwa ba da izini ba na iya jawo tara, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. Kuma dokar ba ta ware ɗan ƙasa ba. Ɗan Nima da kamfanin da ke Faransa duk ƙofa ɗaya aka nuna musu.

Me wannan yake nufi a kan keken ɗinki? Ka sayi ƙyallen kente ka yi wa jaket ɗinka baki don Sallah ko bikin aboki, ba ruwan kowa. Amma in ka sa an buga maka alamar adinkra irin Gye Nyame ko Sankofa a bayan riguna hamsin na gwanjo ka baza su kasuwa, ko ka fara aika su Landan da Amurka, ka shiga amfanin kasuwanci, kuma lafazin dokar ya hau kanka. Na san abin da za a ce: ga yadin kente na bugun inji daga waje ya cika Makola da kasuwar Kejetia ta Kumasi, wa ya tambaye su? Ƙorafin yana da tushe, kuma an daɗe ana jayayya a kan ko ya dace a caji ɗan ƙasa kuɗi don ya taɓa gadon ƙasarsa. Ni kaina ina ganin ya kamata a sassauta wa mai keke ɗaya a lungu, a matsa wa masu kwantena. Sai dai ra'ayina bai goge abin da ke rubuce ba, kuma tun da UNESCO ta sa kente cikin jerin gadon al'adun duniya a Disambar 2024, ido ya ƙara dawowa kansa. Wanda kasuwarsa ta fara girma ya je hukumar ya nemi izini a rubuce tun kafin wani ya aiko masa da takarda. In kuma za ka sa kente a aikinka, nemi na masaƙa, irin na garuruwan Bonwire ko Adanwomase ko Agotime Kpetoe, ka ajiye rasit. Haka batakari, rigar saƙi ta arewacin Ghana, irin na Daboya da Yendi. Kuɗinka ya shiga hannun wanda ya zauna ya saƙa.

Dokar tambarin nan da take hana ka taɓa na wani, kai ma tana iya tsare ka. In ka yi wa kayanka suna da alama, kana iya rajistarsu a ofishin Babban Magatakarda na ƙasa, rajistar takan yi shekara 10 kuma ana sabunta ta. Fasalin da ka ƙirƙira da kanka, na yanka ko na zanen yadi, yana da tasa dokar ta 2003 mai lamba 660, amma sharaɗinta shi ne fasalin ya kasance sabo, don haka ana zuwa da wuri ne, kafin a kwaikwaye shi a rumfa goma. Rajistar sunan kasuwanci wani abu ne dabam, a ofishin rajistar kamfanoni ake yinta, kuma ita kaɗai ba ta ba ka mallakar tambari ba. Mutane da yawa suna riƙe da wannan takardar suna zaton sun gama. In ka buɗe shago ko ka kafa kwantena a bakin titi, akwai kuma lasisin gudanar da kasuwanci da majalisar yankinka take bayarwa duk shekara. Ga mutanen Nima da Mamobi, tun bayan rarraba gundumomin Accra a 2018, majalisun Ayawaso ne ke karɓar wannan kuɗi, don haka a can za ka nemi takardar.