Me Ya Sa Wani Ya Samu Dala Miliyan 325, Wani Kuma Miliyan 6.5? Fashin Baƙin Dokar Ɗauko 'Yan Besbol Daga Japan

A watan Disamban 2023 ƙungiyar ƙwallon besbol ta Los Angeles Dodgers ta ɗauko Yoshinobu Yamamoto daga Japan a kan kwantiragin shekara 12, dala miliyan 325. Bayan wata 13 ta sake komawa Japan ta ɗauko Roki Sasaki, wanda masana da yawa ke ganin hannunsa ya ma fi na Yamamoto zafi, amma abin da aka damƙa masa na sa hannu dala miliyan 6.5 ne kacal. Dukansu majefa ne, dukansu taurari ne a gida, ƙungiya ɗaya ce ta ɗauke su. Abin da ya raba su shekarun haihuwa ne: Yamamoto yana da 25, Sasaki yana da 23. Wannan tazarar ta shekara 2 ita ce ta ci ɗaruruwan miliyoyi, kuma doka ce ta tsara haka.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba: majefi shi ne mai tsayawa a kan ɗan tudun ƙasa a tsakiyar fili, yana wurga ƙwallo ga mai riƙe da sanda. Rabin wasan a hannunsa yake. Aikin yana cin kafaɗa da gwiwar hannu, shi ya sa babban majefi ba ya fita sai bayan kwana 4 ko 5 na hutu, a Japan ma sau ɗaya a mako. Nagari a cikinsu kaɗan ne, don haka suke da tsada.

Mu da muka saba da kasuwar 'yan ƙwallon ƙafa mun san yadda ake yi: ƙungiya ta taya, ƙungiya ta yi albarka, a yi ta ja-in-ja har a daidaita. Tsakanin gasar Amurka, MLB, da gasar Japan, NPB, ba a ciniki irin wannan. Ɗan wasan Japan ba ya samun 'yancin fita waje da kansa sai ya cika shekara 9 yana buga wa babbar tawaga. Idan yana son tafiya kafin nan, sai ƙungiyarsa ta yarda ta kafe sunansa, wato ta sanar da ofishin MLB cewa ga wane, duk mai so ya nema. Da Turanci posting suke ce wa tsarin. Da zarar an kafe suna, ɗan wasan yana da kwana 45 ya tattauna da duk wadda ya ga dama cikin ƙungiyoyi 30 na MLB. In an daidaita, tsohuwar ƙungiyarsa ta karɓi kuɗin saki. In kwanakin suka ƙare ba a daidaita ba, ya koma gida ya ci gaba da wasa, babu wanda ya samu ko sisi. Haka ta faru da Tomoyuki Sugano na Yomiuri Giants a farkon 2021.

Kafe sunan kuma ba haƙƙin ɗan wasa ba ne, alfarma ce. Ƙungiyar SoftBank Hawks ta yi suna wajen ƙin yin ta. Kodai Senga ya yi shekaru yana roƙo, sai da wa'adinsa ya cika sannan ya tafi New York Mets a ƙarshen 2022 a kan dala miliyan 75, ita kuma SoftBank ta tashi hannu rabbana, ta gwammace ta mori ƙarfinsa a fili da ta karɓi kuɗi.

Asalin dokar wani wayo ne da Hideo Nomo ya yi. Nomo majefi ne na Kintetsu Buffaloes, mai wani salon jifa da ba a manta shi: sai ya ɗaga hannuwa sama, ya murɗe jiki har mai sanda ya ga lambar da ke bayan rigarsa, sannan ya warware kamar guguwa. Shi da wakilinsa Don Nomura suka gano cewa a rubuce, ɗan wasan da ya yi ritaya da kansa a Japan an hana shi buga wa wata ƙungiyar Japan ne kawai, ba a ambaci ƙasar waje ba. Sai Nomo ya ce ya yi ritaya yana ɗan shekara 26, ya hau jirgi, ya sa hannu da Dodgers a 1995, ya kuma zama gwarzon sabbin 'yan wasa na shekarar. Kintetsu ta tashi a tutar babu. Bayansa aka yi rikicin Hideki Irabu, wanda ƙungiyarsa ta miƙa wa San Diego Padres ya ce shi fa sai New York Yankees, aka kuma yi na Alfonso Soriano da ya bi sawun Nomo ya bar Hiroshima. Masu ƙungiyoyin Japan suka ga in ba a toshe ɓarakar ba kowa zai sulale. A 1998 aka ƙulla yarjejeniyar.

Tsarin farko gwanjo ne na ɓoye. Kowace ƙungiya ta rubuta tayinta a rufe, wadda ta fi yawa ita kaɗai ke da ikon magana da ɗan wasan. Seattle Mariners ta ba da kimanin dala miliyan 13 a kan Ichiro Suzuki a 2000. A 2006 Boston Red Sox ta rubuta dala 51,111,111 da 'yan kwabbai a kan Daisuke Matsuzaka, kafin a zo maganar albashinsa. A 2011 Texas Rangers ta ba da miliyan 51.7 a kan Yu Darvish. Ƙungiyoyin Japan sun ji daɗin wannan zamani, amma ɗan wasa shi ne a tsaka mai wuya: ƙungiya ɗaya ce a gabansa, ko ya karɓi abin da ta bayar ko ya koma gida. Hisashi Iwakuma ya koma gida a 2010 bayan Oakland ta ci gwanjonsa suka kasa daidaitawa. Su ma masu ƙungiyoyin Amurka sun gaji da zuba irin waɗannan kuɗaɗe, don haka a 2013 aka ƙayyade kuɗin saki kada ya wuce dala miliyan 20, aka kuma buɗe wa ɗan wasa ƙofar magana da duk wadda ta yarda ta biya. Masahiro Tanaka ne ya fara cin moriyar wannan: miliyan 155 daga Yankees, ita kuma Rakuten da ta raine shi ta tsaya a miliyan 20.

Tsarin da ake bi yanzu, tun ƙarshen kakar 2018, ya ɗaure kuɗin saki da girman kwantiragin. Kashi 20 cikin ɗari na miliyan 25 ɗin farko. Kashi 17.5 na miliyan 25 na biyu. Kashi 15 na duk abin da ya haura miliyan 50. Mu gwada da Yamamoto. Na farko ya ba da miliyan 5. Na biyu miliyan 4.375. Saura miliyan 275, kashi 15 ɗinsa miliyan 41.25. Jimla dala miliyan 50.625, ita ce ta shiga asusun tsohuwar ƙungiyarsa, Orix Buffaloes. A lura, ba daga albashin ɗan wasa ake cirewa ba, ɗori ne a kai. Ke nan Dodgers ta ɗauki nauyin sama da miliyan 375 a kan mutumin da bai taɓa jefa ƙwallo ko ɗaya a MLB ba, kwantiragin kuma ya zarce na Gerrit Cole, majefin Yankees, miliyan 324, da miliyan ɗaya tak. Ina zargin da gangan aka ɗora wannan miliyan ɗin.

Yanzu sai wurin da gizo ke saƙa. Akwai wata doka ta daban, wadda ba ta cikin yarjejeniyar Japan, tana cikin yarjejeniyar da masu ƙungiyoyin MLB suka yi da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa. Ta ce duk ɗan wasan waje da bai kai shekara 25 ba, ko bai yi kaka 6 a wata babbar gasar ƙasar waje ba, to a idon MLB ɗan koyo ne. Kafin ƙarshen 2016 shekara 23 ce iyakar, aka ɗaga ta. Ɗan koyo ba a ba shi babban kwantiragi. Na ƙaramar tawaga ake ba shi, da kuɗin sa hannu da za a ciro daga wani ƙayyadadden kaso da kowace ƙungiya ke da shi a shekara, wanda a 2025 yake tsakanin dala miliyan 5 da kimanin miliyan 7 da rabi. Ana iya ƙara shi ta hanyar musaya da wasu ƙungiyoyi, amma shi ma ƙarin yana da iyaka. An yi wannan kaso ne domin yara 'yan shekara 16 na Jamhuriyar Dominika da Benezuwela. Sai ga shi ya faɗa kan Sasaki, mutumin da a ranar 10 ga Afrilun 2022 ya yi wasan da babu ko mutum ɗaya na Orix da ya taka zangon farko (wato tashar farko cikin waɗanda mai sanda ke bi da gudu kafin ya ci maki), ya kori 19 daga cikinsu da jifa zalla, 13 a jere. Wannan ne ɗan koyo a takarda.

Shohei Ohtani ma ta nan ya bi. A Disamban 2017, yana da shekara 23, ya sa hannu da Los Angeles Angels a kan ɗan abin da ya haura dala miliyan 2.3. Shekara 6 bayan haka ya karɓi kwantiragin miliyan 700 daga Dodgers. Amma shi Ohtani ƙungiyarsa ta Nippon-Ham ta samu miliyan 20 a ƙarƙashin tsohon tsari. A sabon tsari, idan kwantiragin na ƙaramar tawaga ne, kuɗin saki kashi 25 ne na kuɗin sa hannu. Kashi 25 na miliyan 6.5 shi ne miliyan 1.625. Abin da Chiba Lotte Marines, tsohuwar ƙungiyar Sasaki, ta samu ke nan. Da Sasaki ya jira ya cika shekara 25 a ƙarshen 2026, a ce misali ya samu kwantiragin miliyan 200, da Lotte ta karɓi kusan miliyan 32.

A ganina nan ne dokar ta fi karkata. An ce an yi ta ne don kada manyan ƙungiyoyi su kwashe kowa da ƙarfin aljihu. To ga abin da ya faru: da aka daidaita kuɗin da kowa zai iya bayarwa, sai ɗan wasan ya duba wasu abubuwa, inda ake cin kofi, inda 'yan ƙasarsa suke, inda kamfanoni za su ba shi talla. San Diego da Toronto sun kai zagayen ƙarshe na nemansa, ya zaɓi Dodgers ɗin dai, a kan araha. Su kuma wasu yaran Latin Amurka da suka riga suka yi alkawarin baka da Dodgers, dole suka nemi wasu ƙungiyoyin domin kason da aka tanadar musu an tattara shi wuri guda. 'Yan ƙungiyar ƙwadago da suka amince da dokar ba su yi asarar komai ba, domin wanda ta shafa bai zama ɗan ƙungiyarsu ba tukuna lokacin da ake rubuta ta.

Ko kuɗin Yamamoto ya biya? A duba zagayen fitar da gwani na 2025. A wasan ƙarshe na cin kofi, World Series, inda ake buga har 7 wanda ya fara cin 4 ya ɗauka, Dodgers ta haɗu da Toronto Blue Jays. Yamamoto ya jefa wasa na 2 shi kaɗai daga farko har ƙarshe, abin da ya zama baƙo a wannan zamani. Ya dawo a wasa na 6 ya yi jifa 96, suka ci. Washegari, 1 ga Nuwamba, a wasa na 7 a Toronto, mutumin da ya kamata a ce kafaɗarsa tana cikin ƙanƙara sai ga shi ya fito daga wurin ɗumama jiki a zagaye na 9, na ƙarshen wasa a ƙa'ida, 'yan Toronto biyu na tsaye a kan zanguna, filin ya ɗauki ihu. Ya fitar da su daga wannan tarko, ya riƙe wasan har zagaye na 11, aka tashi 5 da 4. Nasara 3 cikin 4 ɗin Dodgers da sunansa aka rubuta su, shi aka ba gwarzon gasar. Sasaki kuwa, wanda ciwon kafaɗa ya ajiye mafi yawan kakar, ya dawo a Satumba aka mai da shi mai rufe wasa, wato majefin da ake sakawa a ƙarshe ya kare nasara, ya yi musu rana a lokacin da sauran majefan ko-ta-kwana suka yi sanyi.

Ƙofar fili ma ta ba da shaida. A kakar 2025 'yan kallo sama da miliyan 4 ne suka shiga filin Dodgers a wasannin gida, karo na farko a tarihin ƙungiyar, a filin da ke ɗaukar mutum 56,000. Allunan talla a bayan mai sanda cike suke da sunayen kamfanonin Japan irin su ANA da Daiso. Kakar ma a Tokyo Dome aka buɗe ta a watan Maris, Yamamoto na jefa wa Dodgers, Shota Imanaga, wanda shi ma kafe sunansa aka yi, na jefa wa Chicago Cubs. Ba duka wannan ne na majefan biyu ba, kaso mafi tsoka na Ohtani ne. Sai dai ƙungiyar da ke da irin wannan kuɗin shiga ba za ta ji ciwon miliyan 50 na saki ba, balle ma ba a lissafa kuɗin saki cikin jimlar albashin da ake ɗora wa manyan masu kashe kuɗi haraji a kai.

Shi Sasaki yanzu yana kan layin da kowane sabon ɗan wasa ke bi. A 2025 mafi ƙarancin albashi ya karɓa, dala 760,000. Sai ya yi kimanin kaka 3 kafin ya samu damar kai maganar albashinsa gaban masu sasantawa, sai ya cika kaka 6 kafin ya zama mai 'yancin kansa. In lafiya ta ba shi haɗin kai, ƙarshen kakar 2030 ke nan, yana da shekara 29. Duk abin da ya sa hannu a kai a lokacin, Lotte ba ta da kaso a ciki.