Tsofaffin hotuna da tarihin ƙwallon kwandon mata a kwalejojin Amurka

Binciken tarihin ƙwallon kwandon mata ta hanyar hotuna wani reshe ne na tarihin wasanni da ya dogara kan hotunan da ke ajiye a laburaren jami'o'i da littattafan shekara na ɗalibai da tsofaffin jaridu. Dalilin dogaro da hoto kuwa shi ne rubutun da aka yi kan wasan matan bai taka kara ya karya ba, jaridu sun fi ba maza fili, sau da yawa hoton nan ɗaya na ƙungiya shi ne kaɗai shaidar cewa an taɓa yin ta.

James Naismith ne ya ƙirƙiro wasan a Disamba 1891 a garin Springfield na jihar Massachusetts, a 1892 kuma malamar motsa jiki Senda Berenson ta kai shi kwalejin mata ta Smith. A Maris 1893 aka buga tsakanin 'yan aji ɗaya da 'yan aji biyu, kuma ba a bar namiji ya shiga kallo ba. Berenson ta raba filin gida uku, kowace 'yar wasa ta tsaya a nata yankin, ba a fizge ƙwallo daga hannun wata, ba a riƙe ta fiye da daƙiƙa uku, don a lokacin ana ganin guje-guje da yawa bai dace da 'ya mace ba. Karawar farko tsakanin jami'o'i biyu an yi ta ran 4 ga Afrilu 1896 a San Francisco, Stanford ta ci Berkeley 2 da 1, mutum tara-tara, nan ma mata zalla ne 'yan kallo.

To yaya ake karanta hoton? Abu na farko da mai bincike ke dubawa ita ce ƙwallon kanta. A hotunan farko-farko za ka ga 'yan mata sun jeru, wasu a tsaye wasu zaune a ƙasa, ta tsakiya ta rungume ƙwallo mai ɗinki an rubuta lambobi da farin fenti a jikinta. Amma a nan ake yawan yin kuskure, domin lambar wani lokaci shekarar da ajin zai gama karatu ce ba shekarar da aka ɗau hoton ba, sai an haɗa da rajistar ɗalibai kafin a tabbatar. Sai tufafi, daga dogayen buje masu kumburi da baƙar safa har gwiwa da riga mai dogon hannu, zuwa riga mai wuya irin ta sojan ruwa, zuwa gajeren wando daga baya. Layukan da ke ƙasa ma suna faɗin zamani, idan fili ya kasu uku to galibi kafin 1938 ne, shekarar da aka koma gida biyu da 'yan wasa shida-shida, shi kuwa mutum biyar a cikakken fili sai 1971 aka amince da shi. Sai dai ba ko'ina aka canja rana ɗaya ba, shi ya sa ba a yanke hukunci da alama guda.

Akwai abin da hoto ke ɓoyewa, kuma gaskiya wannan ne ya fi muhimmanci. Kyamarorin wancan zamani ba sa iya kama mai gudu a cikin ɗaki mai ƙarancin haske, don haka yawancin hotunan shirya su aka yi, kowa ta gyara gashi ta tsaya cak, wanda bai sani ba sai ya ɗauka wasan na sanyin jiki ne alhali ana gumi sosai. Sannan makarantun masu kuɗi su suka fi ajiye hotuna. Kwalejojin baƙar fata irin su Bennett da ke Greensboro, wadda ta yi tashe a shekarun 1930 har ta kara da ƙungiyar Philadelphia Tribunes ta su shahararriyar 'yar wasa Ora Washington a 1934, dole a bi jaridun baƙar fata da akwatunan iyalai kafin a samo nasu, kuma da yawa ko suna babu a bayan hoton, abin takaici ne a ga fuskar gwana ba a san wace ce ba.

Daga tsakiyar ƙarni na 20 hotunan suka fara motsi. Ana ganin 'yan kwalejin Wayland Baptist ta Texas tsaye gaban ƙananan jiragen saman da ke kai su wasa, su ne suka ci wasa 131 a jere daga 1953 zuwa 1958. Ana ganin 'yan kwalejin Immaculata da suka ɗau kofin ƙasa na AIAW, hukumar wasannin mata ta kwalejoji a lokacin, a 1972 da 1973 da 1974 suna buga wasa cikin riguna masu siket, sistocin coci na zaune a cikin 'yan kallo. A 1972 ɗin ne aka sa hannu a dokar Title IX da ta hana wariyar jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, bayan Immaculata sai Delta State da gwanarta Lusia Harris suka riƙe kofin daga 1975 zuwa 1977, a 1982 kuma NCAA, babbar hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta shirya gasarta ta farko ta mata inda Louisiana Tech ta doke Cheyney State. Mai jera hotunan waɗannan shekaru goma zai ga kujerun 'yan kallo suna cika, an bar ƙananan ɗakunan motsa jiki an koma manyan zaurukan da a da maza kaɗai ke wasa a ciki.