Dokar tazarar ƙuri'a: yadda mazaɓa ɗaya kamar Gama ke riƙe sakamakon jiha

A tsarin zaɓen Najeriya babu adadin mutanen da dole sai sun fito kafin zaɓe ya inganta. Sashe na 179 na kundin tsarin mulki abu biyu ya nema daga mai neman gwamna: ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar. A Kano mai ƙananan hukumomi 44, guda 30 ke nan. Idan akwati na da mutum 800 a rajista amma 90 suka fito, ƙuri'a 90 ɗin za a ƙirga. Wanda ya yi zamansa a gida ba ya cikin lissafi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ma, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba, kuma hakan bai taɓa ingancinsa ba.

Lissafin yana juyawa ne idan aka soke akwati, ko aka kasa yin zaɓe a cikinsa. A nan doka takan ɗauka kowane mutumin wurin zai iya fitowa, kuma dukkansu za su iya zaɓar wanda ke biye. Sai baturen zaɓe ya ajiye lambobi biyu gefe da gefe: tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, da yawan masu zaɓe a akwatunan da abin ya shafa. In tazarar ba ta wuce yawan mutanen ba, ba shi da ikon bayyana kowa. Abin da 'yan siyasar Kano ke kira inkwankulusib ke nan.

A zaɓen gwamnan Kano na 9 ga Maris 2019, Abba Kabir Yusuf na PDP ya samu ƙuri'a 1,014,474, Abdullahi Umar Ganduje na APC kuma 987,819. Tazara 26,655. Masu rajista a wuraren da aka soke kuwa 128,572 ne, ciki har da mazaɓar Gama a ƙaramar hukumar Nasarawa, wadda takardun sakamakonta suka lalace a hargitsin wurin tattarawa. Gama unguwa ce mai cunkoso a cikin birni, kuma kowace jam'iyya ta san inda mutanen unguwar suka karkata, shi ya sa idon jihar gaba ɗaya ya koma kanta. Aka ƙarasa zaɓe ranar 23 ga Maris, cikin rahotannin tashin hankali daga masu sa ido. Ganduje ya ƙaro 45,876, Abba ya ƙaro 10,239, aka tashi Ganduje na gaba da 8,982. Kotun ƙoli ta tabbatar da sakamakon a Janairun 2020.

A kula da wani abu a lambobin nan: an dakatar da sanarwa saboda mutum 128,572, amma ƙuri'un da manyan 'yan takarar biyu suka samu a zagayen ƙarshe ba su kai rabin hakan ba. Rajista cike take da waɗanda suka rasu, da waɗanda suka tashi daga unguwa, da waɗanda ba su taɓa karɓar katinsu ba. Ƙa'idojin da hukumar INEC ta fitar a 2022 sun rage wannan giɓin: ma'aunin ya koma waɗanda suka karɓi katin zaɓe a akwatunan da aka soke, ba duk wanda sunansa ke cikin rajista ba. Da shi aka auna Adamawa a 2023, inda Ahmadu Fintiri ke gaban Aishatu Binani da 31,249, aka sake zaɓe a akwati 69 ranar 15 ga Afrilu.

To me ke sa a soke akwati? Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ce a sashe na 51 idan ƙuri'un da aka kaɗa suka fi yawan waɗanda aka tantance, jami'in akwatin zai soke sakamakon. Tsohuwar dokar 2010 da yawan masu rajista take aunawa, kuma a unguwar da ba a fitowa sosai wannan ƙofa ce a buɗe: akwati mai mutum 800 da 200 suka fito ana iya cusa masa ƙuri'a 500 ba tare da an ce an yi aringizo ba. A dokar 2022 kuwa, in na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta nuna 200, aka juye akwati aka ƙirga 201, sakamakon ya tashi gaba ɗaya, har da 200 na halal. Sashe na 47 na dokar 2022 kuma ya ce idan na'urar ta lalace ba a kawo wata ba, a soke a sake cikin awa 24, muddin akwatin zai iya sauya sakamako. Hargitsi da ƙwace kayan zaɓe su ma suna jawo sokewa.

Raunin tsarin a bayyane yake. Wanda ya hango faɗuwa ba sai ya ci akwatin abokin hamayyarsa ba, ya isa ya sa a lalata shi. Ƙuri'a ɗaya ta ƙari, ko 'yan daba goma da yamma lokacin ƙirga, suna iya share ƙuri'un layi guda, sannan a dawo zagaye na biyu inda tsoro ke rage fitowa kuma kuɗi ke taruwa a wuri ɗaya. Doka dai ta bar wa hukumar damar bayyana wanda ya ci ba tare da an sake ba, idan ta gamsu akwatunan ba za su sauya komai ba.

Aikin wakilin jam'iyya a akwati, saboda haka, yana farawa kafin a fara ƙirga. Ya nemi a nuna masa adadin da ke fuskar BVAS, ya rubuta, ya tabbatar shi ne aka sa a takardar sakamakon akwati, wato EC8A, kafin ya sa hannu ya karɓi kwafinsa. Idan an soke akwatin, ya tsaya har a cike takardar rahoton soke akwati, wato EC40G, da dalilin sokewar, domin da ita za a yi lissafin tazara a wurin tattarawa, kuma ita lauyoyi za su fara nema a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe.