Lemo marar sukari da sinadaran zaƙi

Lemo marar sukari shi ne lemon kwalba ko na gwangwani da aka sa wa sinadarin zaƙi a madadin sukari. A jikinsa akan rubuta Diet ko Zero. Cikin sinadaran da ake amfani da su akwai sakarin, asfatam da sukuralos. Sakarin ya ninka sukari zaƙi kamar sau 300, asfatam sau 200, sukuralos kuwa wajen sau 600, don haka ɗan ƙanƙani ke isar kwalba guda.

Tarihi

Sakarin ne babban wansu. Constantin Fahlberg ya gano shi a ɗakin binciken Ira Remsen da ke Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, wajajen 1878 zuwa 1879. An ce ya tashi daga aiki ya zauna cin abinci bai wanke hannu ba, sai ya ji burodin da ya riƙe yana da zaƙi. Kasuwar sinadarin ta buɗe sosai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da sukari ya yi wuya.

Shi ma asfatam bisa tsautsayi aka same shi. A 1965 James Schlatter na kamfanin Searle yana neman maganin gyambon ciki, ya lashi yatsa zai ɗaga takarda, ya ji zaƙi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1974, ta dakatar bayan ƙorafi, ta sake amincewa a 1981, sannan a 1983 ta yarda a sa shi a lemo. Sukuralos a Landan aka samo shi a 1976.

Lemon farko irin wannan da ya yi suna shi ne No-Cal, wanda aka fara yi a Burukilin da ke birnin New York a 1952 domin masu ciwon suga. Diet Rite ya biyo baya a 1958, Tab a 1963, Diet Coke a 1982, Coke Zero kuma a 2005. Tun daga shekarun 1960 tallar irin wannan lemo ta koma kan masu son rage ƙiba.

A shekarun 1970 aka ga kansar mafitsara a jikin ɓerayen da aka ɗura wa sakarin mai yawan gaske. Amurka ta tilasta rubuta gargaɗi a jikin kaya daga 1977, ta janye shi a 2000, bayan an gano cewa hanyar da cutar ta bi a jikin ɓera ba ta shafi ɗan Adam ba.

Tasiri ga lafiya

Lemon ba ya ɗaga sukarin jini nan take kamar na gama-gari, kuma wannan ce babbar fa'idarsa. Sai dai tsamin da ke cikinsa yana cin saman haƙori kamar yadda mai sukari ke yi. Masu wata cutar gado da ake kira PKU ba a yarda su sha asfatam ba sam.

A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da sinadaran wajen rage ƙiba, domin ba a ga amfaninsu mai ɗorewa ba. Shawarar ba ta haɗa da waɗanda tuni suke da ciwon suga ba. A Yulin shekarar, cibiyarta ta binciken kansa, IARC, ta sa asfatam a rukunin 2B, wato abubuwan da ake zargi amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Kwamitin JECFA, na ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kan sinadaran abinci, bai canja iyakar miligiram 40 na asfatam kan kowane kilo na nauyin jiki a yini ba. A lissafinsa, mai kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya wuce iyakar.

Wasu nazarce-nazarce sun danganta yawan shan lemo marar sukari da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ana jayayya a kai, don sau da yawa mai ƙiba ko marar lafiya ne ke komawa irin wannan lemo tun farko.

A Zariya

Ƙasar Zazzau ƙasar rake ce, kuma mazarƙwailar Maƙarfi sananniya ce, saboda haka ba a saba neman zaƙi a wajen sinadari ba. Lemon Zero an fi ganinsa a shagunan Sabon Gari da Samaru. Talaka ya fi haɗuwa da sakarin a cikin zoɓo da kunun zaƙi da ƙanƙarar leda, inda wasu masu sayarwa ke ƙara shi idan sukari ya yi tsada. Masu sha kan gane shi da ɗan ɗacin da yake bari a maƙogwaro bayan zaƙin ya wuce. Matsalar nan ita ce awo: kamfani yana rubuta abin da ya zuba, na leda kuwa da ido ake kintatawa.

Doka

NAFDAC ce ke kula da sinadaran da ake sa wa abinci a Nijeriya. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 kan kowace litar lemo mai zaƙi.